Majanyin da Gwaggo Ba Ta Gama Ba

Daga Allah muka zo, kuma gare shi Gwaggo ta koma, wata safiya cikin damina, a ɗakin da ke kusa da rijiya a gidan Babanmu a Gusau.

Ba zan ce mutane ba su yi mana kara ba. Mata sun cika tsakar gida har bakin madafa, maza sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida har sun tare hanyar babura. Amma ina zaune a cikinsu ina saurare, sai na lura kusan babu wanda ya san wadda ya zo gaisuwarta. Mace za ta shigo ta durƙusa, ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Da ta shafa fatiha sai ta gyara zama ta juya ga ta kusa da ita, hira ta koma kan hanya: an sake tare motoci, an kwashi mutane a gona, mijin wance har yanzu yana hannunsu.

Wata maƙwabciyarmu ta ce, "Allah sarki, tsohuwar nan ta gudun hijira. Kullum tana bakin ƙofa, ba ruwanta da kowa."

Wata baƙuwa ta tambaya, "Sana'ar me take yi?"

Matar yayana ta ce, "Sana'a kuma? Ai ta tsufa. 'Yar saƙa dai take taɓawa don rage kewa."

Na miƙe na shiga ɗaki na cusa mayafi a bakina don kada a ji kukana. Ban ga laifin matar yayana ba, abin da ta tarar ta faɗa. Waɗanda suka san Gwaggo da gaske sun watse. Wasu suna raɓe a kangaye a Tsafe, wasu sun yi Mada, wasu suna ƙarƙashin ƙasa. Waɗanda suka rage ma tsoron hanya ya hana su zuwa, sai dai su kira a waya, murya tana yankewa, su yi addu'a su kashe.

Babanmu, wanda shi ne autan su Gwaggo, ya wuni yana amsa gaisuwa da "amin, amin" kamar ba shi ba. Da la'asar ya shigo alwala, ya same ni a bakin rijiya. Ya daɗe yana kallon butar da ke hannunsa, sannan ya ce, "Ita ta goye ni. Yau babu sauran wanda ya san ni ina yaro." Sai ya fita.

Ni tela ce, ina da ɗan shago a nan Gusau inda nake ɗinkin mata, kuma ina rubuta labarai da mata ke karantawa a waya. Duk biyun daga wurin Gwaggo na samo su, ko da yake ba ta taɓa taka keke ba, ba ta kuma san harafin boko ko ɗaya ba. Tsoro nake ji. Ina tsoron nan da 'yan shekaru a ce wata tsohuwa ce da ta zo gudun hijira ta mutu a gidan ƙanenta, a rufe maganar. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, in tattara abin da zan iya kafin ni ma ya fara suɓuce mini.

Gwaggo yayar Babanmu ce, ita ce babba a ɗakinsu, sai Baffa, sai Baba. Ta yi aure ta haihu, 'ya'yan ba su tsaya ba, mijin ma ya riga ta tun tana da ƙarfinta. Ta ƙi sake aure, ta koma gidan Baffa a ƙauyenmu na asali da ke bayan Tsafe, aka yi mata ɗaki da 'yar rumfa. A nan aka kai ni riƙo ina ƙarama, na yi shekaru a hannunta kafin a dawo da ni Gusau makaranta.

Masaƙarta itace huɗu ne kawai: biyu a tsaye an jingina su da bango, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Sai akwasha, faffaɗan katakon nan da ake buga zare da shi ya zauna. Tata ta gado ce daga kakarmu, ta yi baƙi ta yi sulɓi saboda hannu. Da sautinta nake farkawa: tim, shiru, tim. Audugar ma ba saye take yi ba, tana da 'yar gona bayan gari. Ita za ta tsinko, ta gurje, ta shiɓe, ta zauna da mazari tana kaɗi, yatsunta fari fat da alli. Auduga a bakinta kaɗa ce, kamar yadda mutanen wajenmu ke cewa. Tana saƙa gwado, tana saƙa zane, amma abin da aka fi saninta da shi majanyi ne. Babu jaririn da aka haifa a danginmu, da ma rabin garin, da bai kwanta a bayan uwarsa cikin saƙar Gwaggo ba.

Ba ta maimaita ado. Wannan ne ya bambanta ta da sauran masu saƙa, shi ne kuma ke haɗa ta faɗa da masu saye. Mace za ta zo ta ce, "Irin na wance nika so." Gwaggo ta ce, "Tahi ki ari nata. Ni na manta yadda niy yi shi." Ƙarya take yi, ba ta manta ba, zuciyarta ce ta riga ta wuce wurin.

Na taɓa tambayarta inda take samo adon. Sai ta kama hannuna ta kai ni bayan rumbu inda wata zabuwa ke tono. Ta ce, "Duba ƙirjinta. A'a, ba kallo nic ce ba, dubawa." Muka tsuguna har ƙafata ta yi sanyi. Sai na ga ashe ɗige-ɗigen ba daidai suke ba, na wuya ƙanana ne a matse, suna girma suna warwatsuwa zuwa ciki. Haka ta fito da su a wani gwado, wanda duk ya gani sai ya sake waiwayowa. Wani zanen kuma daga kunyoyin gero ta ɗauko shi, washegarin ruwan fari, lokacin da bisan kunya ya sha iska ya yi haske, kwarin yana nan da duhunsa. Idan muka shiga mota zuwa Gusau, daga an hango dutsen Kwatarkwashi ba a ƙara jin bakinta. Takan manna fuska a taga tana bin zanen da ruwa ya bari a jikin dutsen, leɓenta yana motsi.

Tana da wata ɗabi'a da ke sa ni jin kunya ina yarinya. A kasuwar Tsafe, in ta ga zanen da ya ɗauki idonta a jikin mace, ko ba ta taɓa ganinta ba, sai ta bi ta, ta kamo gefen zanen ta juya bayansa. Wata rana wata ta juyo a fusace ta ce, "Inna, lahiya?" Gwaggo ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Tsaya, ɗiyata, ba da ke nike ba." Takan ce fuskar tufa ta mai saye ce, bayanta ne na wanda ya yi aikin. Har yau in an kawo mini ɗinki gyara, juya shi nake fara yi.

Da na buɗe shago takan zo Gusau ta yi mana kwanaki, ta wuni a kan benci kusa da kekena tana cin goro. Na zaci za ta raina kayan zamani. Ina! Leshi mai duwatsu ya fi komai burge ta, takan ɗaga shi a rana tana dariya kamar yarinya. Abin da ba ta gane ba shi ne yadda mace za ta miƙo mini waya ta ce, "Wannan hoton za ki yi mini, kada ki canza komai." In mai ɗinkin ta fita sai ta ce, "Ke ko ba ki gajiya da zama madubi?" In ce, "Gwaggo, abin da suke so ke nan." Ta ce, "To ki ɓoye musu wani abu naki ko a cikin kalmasa ne." Tun daga nan nake sa wani siririn layi na zare mai wata kala a cikin wuyan duk rigar da na ɗinka. Babu mai gani, amma ni na san yana nan.

A kan wannan bencin ne kuma nake karanta mata labaraina in aiki ya lafa. Ban taɓa samun mai sauraro irinta ba. Takan tsayar da ni ta ce, "Matar ga, wane zane tad ɗaura da za ta gidan surukai?" In ce ban rubuta ba. Ta ce, "To ni ban gan ta ba tukuna." Babban faɗanmu a kan wani labari ne da na kashe saurayin a ƙarshe. Ina kai wurin ta tofar da goron bakinta.

"Ke! Yaron ga mi yay yi miki?"

"Gwaggo, labari ne. Haka ya kamata ya ƙare."

"Wa ya kamata? Ke ce kinka yi shi, ke ce kinka kashe shi. Uwa tai fa?"

Ranar ta ƙi cin tuwon da na kai mata, washegari ma ta ƙi. Dole na koma na sake ƙarshen, na ce suma ya yi. Masu karatuna suka yi ta tsiya, suka ce na ɓata labari, kuma har yanzu ina ganin sun fi ta gaskiya. Ita ko ta cinye tuwonta tas, tana cewa, "Yawwa, yanzu kin yi hankali." Ba mu taɓa daidaitawa a kan wannan ba.

A cikin adudunta akwai wani farin ƙyalle da ta saƙa da zaren da ya fi kowane laushi, ba ɗigon launi a jikinsa. Likkafaninta ne. Duk shekara in rani ya yi takan fito da shi ta shanya a igiya ya sha rana. Ina yarinya nakan gudu in na gan shi. Takan yi dariya ta ce, "Mi kika tsoro? Kayan sallata ne na ƙarshe. Kowa na son ya tahi da kwalliya tai."

Ba ta tafi da shi ba, ga kuma dalili.

Gwaggo tana da wata ƙawa Bafulatana da rugarsu ke gabas da gari. Tun suna amare suke tare. Ita ke kawo nono da man shanu, Gwaggo ke saƙa wa 'ya'yanta da jikokinta majanyi, su wuni a rumfa suna gardama rabin Hausa rabin Fillanci. Da fitinar daji ta fara, shanun gidan ƙawar nan ne na farko da aka kore. Duk da haka, da aka fara kashe mutane a gonaki, sai gari ya juya wa duk wani mai ruga baya. Aka daina sayen nononta, yara suka fara jifanta. Wata safiya aka tsinci gawar ɗanta a bakin rafi. Har yau ba a san wanda ya harbe shi ba, kowa da abin da yake faɗa. Uwar ta shigo gari neman likkafani, babu mai shagon da ya yarda ya dube ta.

Matar Baffa ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ta ce Gwaggo ta buɗe adudu ta ɗauko farin ƙyallen ta sa a hammata, Baffa ya tare ta a zaure.

"Yaya, ki hita batun mutanen ga. Gari na kallonmu."

"Yaron ga a gabana anka haihe shi. Da saƙata anka goya shi. In bari a rufe shi da tsumma?"

"Za a ce muna tare da su."

"A ce."

"To ke da mi za a rufe ki?"

"Wanda yar rage shi nemo. Ba ni hanya."

Ta ratsa tsakiyar gari da rana tsaka, kowa na kallo, ta kai rugar. Baffa ya yi fushin da ya daina gaishe ta, ita ma ta daina aika masa fura. Suna gida ɗaya, in za su yi magana sai ta bakin matarsa. Ban ɗauki Baffa mugu ba. Yana da 'ya'ya maza, yana tsoron abin da za a yi musu. Ƙawar kuwa, bayan an rufe ɗanta ta kwashe sauran iyalinta suka bar yankin. Gwaggo ba ta sake jin labarinta ba, kuma har ta rasu in ta ga mai tallan nono sai ta tsayar da ita ta yi tambaya.

Shekarar da ta biyo baya 'yan bindiga suka shiga garinmu da hantsi, maza suna gona. Suka harbi wanda suka harba, suka cinna wa rumbuna wuta, wutar ta bi dannin gidaje. Gwaggo tana gaban masaƙa. Ba ta iya gudu, gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa. Baffa, wanda ya yi wata da watanni bai ce mata uffan ba, shi ya baro gona ya kutsa cikin hayaƙi, ya goya ta a bayansa ya shiga da ita cikin dawa. Ta ce suna tafiya tana dukan kafaɗarsa tana cewa ya koma ya ɗauko akwasha, shi kuma yana cewa, "Yaya, ki yi shiru don Allah." Haka suka iso Tsafe ƙafafunsa duk jini. Masaƙa, akwasha, adudu, zaren da ta tara, gwadunan da ba a karɓa ba, duk sun zama toka. Baffa bai ƙara lafiya ba, ya rasu a Tsafe kafin kaka. Sai Baba ya je ya ɗauko ta.

Matar da ta sauko daga motar nan ban san ta ba. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin da aka ba ta, hannuwanta a cinya, tafin yana kallon sama. Na kawo mata leshi mai duwatsu, ta dube shi ta kau da kai. Na ce ta zo shago, ta ce ƙafa. Na zauna zan karanta mata sabon labari, ta ce, "Akwai mutuwa ciki?" Na ce akwai. Ta ce, "Bar shi. Wadda anka yi a waje ta isa." Na koma gida na duba abin da nake rubutawa, masu kuɗi da motoci da soyayyar gidan bene, sai na ji kamar ina taunar takarda. Na yi ƙoƙarin rubuta abin da ya same mu, shi ma ya ƙi. Na daina rubutu gaba ɗaya. An kai ta asibiti, suka ce hawan jini ne, suka ba da magani. Tana sha, amma kullum ƙara shigewa cikin zanenta take yi.

Abu ɗaya ta taɓa roƙa. Ta ce da Baba, "A nemo min kaɗa in sake likkahwani, kwana ya matso." Baba ya shiga nema. A ƙasar da a da ake loda auduga a manyan motoci, sai ga shi ana neman ta kamar magani, don manoma sun daina isa gonakin nesa. Ya tambaya a Wanke, ya aika Wonaka, daga ƙarshe wani abokinsa na Mada ya samo masa 'yar kaɗan a ƙaramin buhu. Aka sa kafinta ya haɗa masaƙa yadda ta kwatanta. Ta ɗaga sabuwar akwashar ta ce, "Wagga ai ludayi ce," amma ta karɓa, ta yi ta goga mata man gyaɗa.

Ni kuma a lokacin na yi shekaru da aure ban taɓa ko ɓari ba, har an gaji da yi mini addu'a a gabana. Ranar da aka kawo audugar na shigo gidan da yamma, na durƙusa na gaishe ta, na miƙe zan wuce. Ta ce, "Ke, dawo. Juya." Na juya. Ta daɗe tana dubana irin duban da ta yi wa zabuwar nan. Ban gaya wa kowa na samu ciki ba, ko mahaifiyata, ni kaina ban gama yarda ba. Na sunkuyar da kai. Sai na ji ta yi dariya, karo na farko tun zuwanta.

Da Baba ya ga ta ware rabin audugar ta ce a sayo mata shuni, ya ce, "Yaya, ba likkafani kika ce ba?"

Ta ce, "Kaɗar ba ta isa biyu. Ni ko da mi anka rufe ni, ƙasa ba ta tambaya. Mai zuwa ko, da mi za a tarbe shi?"

Kaɗin ya ba ta wuya ƙwarai. Hannunta yana rawa, zare yana tsinkewa, ta ƙulla ta sake. Wani lokaci mazarin ya suɓuce ya gangara, ta bi shi da ido ba ta iya tashi, sai wani ya zo wucewa. Shunin kasuwa da na kawo ta shinshina ta yatsine fuska, ta ce ba ya warin marina, amma ta rina da shi. Kafin ta ɗora zare a masaƙa damina ta faɗi. Sai na riƙa tarar da ita a bakin ƙofa in ana ruwa, ta zuba wa bakin rufin kwano ido. A ƙauye ɗakinta na ciyawa ne, ba ta taɓa zama ta ga yadda ruwa ke zubowa daga kwano layi-layi ba, yana tsinkewa yana haɗewa. Shi ta ɗora a majanyin: ƙasa baƙi-shuɗi, fararen layuka suna saukowa, wani dogo, wani ya katse a tsakiya ya ci gaba can ƙasa. A duk abin da ta saƙa ban ga mai kyansa ba. Tsohuwar da aka ƙone wa komai, ta zauna a gidan da ba nata ba, ta kalli rufin da ba ta so, ta fitar da wannan.

Na riƙa rufe shago da azahar in zo in zauna kusa da ita in koya. Na iya ɗaga zare in wuce da abawa, wato zaren da ake ratsawa, in buga. Amma yadda take tsinto fararen zaruruwan da yatsa, wanne za a ɗaga, wanne za a bari, ya gagare ni. In na tambaya sai ta ce, "Ban san hwaɗi nai ba. Hannu ne ya sani. Duba dai." Ina dubawa, idona yana cika da hawaye, don ina ganin numfashinta yana gajarta, aikin kuma a wuni bai wuce faɗin yatsu biyu ba. Na ce ta huta. Ta ce, "In huta, wa za ya jira ni, ke ko shi?"

Ta kai kusan rabi. Ran nan ta yi sallar asuba, gari ya waye ta ja jiki zuwa gaban masaƙa. Da matar yayana ta kai mata koko, ta same ta ta jingina goshi da saƙar, akwasha a cinyarta. Ta yi ta magana, ta zaci gyangyaɗi ne.

Farin yadi aka sayo a kasuwa, irin mai santsin nan da ake yayyagowa daga bandir. Ni aka miƙo wa almakashi, tunda ni ce tela a gidan. Ni na yanka wa Gwaggo likkafani. Ina yanka ina jin ƙyallen yana ƙara a hannuna kamar leda.

Bayan an share makoki na shiga neman wadda za ta ƙarasa majanyin. Duk wadda ta shigo shagona sai na tambaye ta ko ta san mai saƙar hannu. Wasu su ce kakarsu ta yi amma ta rasu, wasu su ce, "Ana yi har yanzu?" Daga ƙarshe wata ta ce akwai wata tsohuwa a Bungudu. Maigidana ya ce da wannan cikin ba zan hau hanya ba. Na yi ta roƙonsa har ya gaji, ya ce shi zai kai ni, da safe lokacin da motoci suka yi yawa. Na zare saƙar daga masaƙa da sandunanta, na naɗe cikin zane na rungume.

Muka same ta a wani ɗan ɗaki, tana zaune a kan buzu. Tun daga yadda ta juyo da kunne maimakon fuska na gane. Yanar ido ta rufe idanunta duka biyu. Na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni. Ta ce, "Miƙo." Ta shimfiɗa shi a cinya, ta bi shi da yatsu a hankali daga ƙasa zuwa sama, ta juya bayansa ta sake bi. 

Sannan ta ce, "Wanga hannu na mutanen bayan Tsahe ne. Na taɓa ganin gwado nata a kayan wata amarya, da sauran idona. Na yi ta juya shi ban gane ta inda tab bi ba. Ban taɓa ganin matar ba. Tana ina?"

Na ce, "Ta rasu, Inna."

Ta ce, "Allahu akbar." Ta ɗora tafinta a kan saƙar. "To mun ƙare."

Na ce ko cikin waɗanda ta koya wa akwai mai iyawa. Ta ce waɗanda ta koya wa sun bari tun da atamfa ta yi araha, masaƙarta ma an hura wuta da ita wata damina. Na kama ƙafafunta ina kuka, na ce ta gwada ko da lalube ne, ni zan zama idonta, ta faɗa in yi. Ta ce, "Ɗiyata, ko da idona ba ni iya wa. Ruwa ne tay yi, ko? Na ji shi. Ni ban ga ruwan da tag gani ba. Ki yanke shi inda tat tsaya, kada ki bari wani hannu ya shiga."

Na dawo Gusau na ajiye shi a kan teburin shago, na yi ta kewaya shi. Na yanka yadi iri-iri a rayuwata, masu tsada da masu araha, ban taɓa jinkirin sa almakashi ba sai ranar. Na yanke shi, na ƙulle bakin zaruruwan ɗaya bayan ɗaya. Tsawonsa bai kai ya zagaye ƙugu ba. Na nemo baƙin yadi mai kauri na ɗinka a gefe da gefe, yadda nawa zai zo gaba a ɗaure, nata ya tsaya a baya daidai inda jariri ke kwanciya.

Allah ya sauke ni lafiya bayan kaka, mace. Sunan Gwaggo aka raɗa mata, don haka babu mai kiran sunan a gidanmu. Da majanyin nake goya ta in ina taka keke. Maigidana ya ce in adana shi a akwati kada ya lalace, na ce ba don akwati ta bar likkafaninta ba. Amma yarinya tana tumbuɗi, tana fitsari, dole a wanke. Ina wanke shi da hannu a ruwan sanyi, ba na murzawa, ba na shanya shi a rana. Duk da haka shunin yana fita kaɗan-kaɗan. Jiya da nake ninke shi na ga farin zare ɗaya ya tsinke a tsakiya, ya fara zamewa. Na zauna da allura a hannu na kasa sanin ta inda zan mayar da shi, kuma a duk garin nan babu wanda zan kai wa. Na ƙulle shi dai yadda na iya.

Ya Allah, ga Gwaggo nan ta zo maka cikin yadin kasuwa. Ka yafe mata, ka yalwata mata makwanci, ka tufatar da ita da abin da ya fi wanda ta bayar. Ka jiƙan Baffa da ya goya ta. Mu kuma da muka rage, ka dube mu.